Gwaji Ɗaya Da Ya Rage A Salular Kaltumi

Farcen babban yatsan Burahima na hagu ya fi sauran tsawo, kuma an goge shi ya yi laushi a baki. Mutane na kallon teburinsa na gyaran salula a kasuwar Gure, ba sa kallon hannunsa. Ni na lura da farcen ne ranar da na kai masa tawa. Da shi yake ɓalle murfin salula ba tare da ya karce ta ba.

Burahima bai wuce aji shida a lakwal ba. Ya fara da gyaran rediyo wurin kawunsa, da rediyo ya ja baya sai ya koma salula. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne salular da kamfani ke sayarwa a kulle, wadda ba ta karɓar pus, wato katin layin waya, na kowa sai nasa.

Irinta Kaltumi ta kawo masa. Dattijuwa ce mai lambun tumatir a wani kwari bayan Gidigir. Rezon kamfanin da ya sayar mata, wato sabis ɗin kiransa, ba ya sauka cikin kwarin, na wani kamfani ne ke sauka. Ta kwance bakin zanenta, ga pus uku.

"Duk marasa kyau aka sayar mini, ɗana."

"Inna, pus lafiyarsu ƙalau. Salular ce aka ɗaure wa ƙafa."

Ya kunna ta, sai fuskarsa ta canza. Sau goma ake yarda a gwada lambar buɗewa. Surukinta Fadilu ya riga ya cinye tara, yana zuba lambar babur ɗinsa da shekarar aurensa. Saura ɗaya. In aka kuskure, salular ta kulle ke nan har abada.

"To ka zuba ko mece ce, Allah na nan. Sati biyu ya rage tumatir ya nuna. In ban kira mai kamyo, motar ɗaukar kaya, daga lambu ba, a can zai ruɓe."

"Allah na nan, Inna, amma bai ce in yi irin ta Fadilu ba."

Ya kira kamfanin a Zandar. Suka ce salular tasu ce. Ya ce tasu ce har shekara biyu bisa ƙa'idarsu, ta Kaltumi kuwa ta shekara uku. Suka ce a rubuto takarda da Faransanci. Nan ya juyo gare ni, ina tsaye a gefe.

"Malama ƴar jami'a, lisans ɗin nan naki yana rubuta wasiƙa, ko na ado ne?"

Na rubuta a kan gwiwata. Suna son shaidar saye. Kaltumi ta ce kwalin salular na nan, a ciki take ajiye irin yakuwa. Washegari aka kawo shi, rasit ɗin na manne a ƙasa.

Kowace safiya Burahima na kiransu. A rana ta biyar suka ce takardar ta ɓace, ya sake aikawa. A ta takwas matar da ke ɗaukar waya ta gane muryarsa tun daga sallama. Masu teburin kusa suka riƙa yi masa ba'a, wai ya zama lauyan tumatir. Ya ce shi dai abin da mutum ya saya nasa ne.

Lambar ta iso a rana ta sha ɗaya. Ya karanta ta sau biyu, ya sa ni ma na karanta, sannan ya danna da sannu. Rezon sabon pus ya bayyana, sanda huɗu.

Kaltumi ba ta tsaya godiya ba sai da ta kira mai kamyo, ta ɗaga murya: "Jibi da safe! Ka zo da kwanduna!"

Burahima ya jawo wata salula mai fasasshen gilashi, ya hura ƙurar da ke bakin cajinta.