Layin Fentin Mista Lucius

Shekara arba'in da ɗaya Mista Lucius Fontenot ya yi a durƙushe yana shimfiɗa kafet da tayil a gidajen mutane. Ya fito daga sana'ar da gwiwoyin da suka mutu, da idon da ba ya kuskuren awo. In ya shigo shagona cin soyayyiyar tarwaɗa, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Vernita, wanda ya yi miki daɓen nan ya cuce ki da rabin inci." Ni kuwa in ce ya ci kifinsa ya ƙyale mini daɓe.

Shagona yana tsallaken titi, daura da gidansa, a mahaɗar da 'yan sanda suka fi son tsayar da motoci. Tun da ɓarin jikin matarsa Odile ya shanye, Lucius bai ƙara yin nisa da gida ba. Shi ke juya ta, shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki. Ni kaina na gwada, ta datse baki ta ƙi ko loma ɗaya. Wata ma'aikaciyar gwamnati kuma ta riga ta ja masa kunne: ranar da aka iske Odile babu mai kula da ita, za a ɗauke ta a kai ta gidan tsofaffi. Duk unguwa mun san wannan magana, har 'yan sandan.

'Yarsu da ke birnin Houston ce ta aiko masa da waya don ta riƙa ganin uwarta. Shi kuwa zaman baranda ya ishe shi, ga abin da ake yi wa mutane kullum a ƙofar gidansa. Sai ya fara ɗaukar bidiyo da wayar. Da ya ga an tsayar da mota, zai sauko da sandarsa, ya ɗaga waya, ya faɗi rana da lokaci, sannan ya yi shiru. Ba ya zagi, bai taɓa sa komai a intanet ba. Wanda aka tsayar in ya dawo ya nema, ya ba shi. Sau biyu lauyoyi suka zo har barandarsa.

"Mista Lucius, wata rana za su gaji da kai," na ce masa.

"Su gaji mana. Doka ta ce in ɗauka, ina ɗauka. Ke dai ƙara mini yaji."

Ana nan sai aka yi sabuwar doka a jiharmu: in ɗan sanda ya ce ka ja da baya, ka ci gaba da tsayawa ƙasa da ƙafa ashirin da biyar, ka yi laifi. Kowa ya tsorata ban da Lucius. Har dariya ya yi.

"Awo suka kawo? Ai sun zo wurin mai shi!"

Washegari ya durƙusa da ƙyar, ya ja tef ɗin awo daga bakin titi inda motoci ke tsayawa, ya ƙara ƙafa bakwai saboda tsaro, ya ja layin fenti ruwan ɗorawa a gefen katangarsa. Layin ya miƙe sar, gwanin sha'awa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna ɗakuna, a wurinsa duk abin da aka auna yana nan inda aka bar shi.

Wata Juma'a ce a watan Agusta, wajen ƙarfe uku, ana zafin da ko kare ba ya fitowa. Suka tsayar da motar Roscoe Thibodeaux, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, magidanci mai 'ya'ya uku. 'Yan sanda biyu ne. Ƙaramin ya fito da Roscoe ya sa shi ya dafa mota. Babban kuwa Sajan Guidry ne, wanda Lucius ya yi wa uwarsa tayil ɗin kicin tun yana yawo da gajeren wando. Lucius ya tsaya bayan layinsa ya ɗaga waya. Ina ƙofar shago ina kallo.

Sajan bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da hankalina ya fi kwanciya.

"Baba Lucius, ja da baya."

"Ina bayan layi, yallaɓai. Ƙafa talatin da biyu."

"Daga ina ka auna?"

"Daga bakin titi."

"Haba Baba. Ai ba daga titi ake aunawa ba, daga jikina ne." Ya tako a hankali, hannunsa a kan bel. "Yanzu nawa?"

Lucius ya dubi ƙasa tsakaninsu. Idonsa bai iya ƙarya ba, bakinsa ma haka.

"Ashirin da biyu."

"To, ja."

Ya ja, da baya da baya, sanda a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Sajan ya sake takowa ya tsaya a kan layin fentin, har da goga takalmi. Lucius ya shige ƙofar katanga, ya hau matakalar baranda yana cije baki saboda gwiwa, har bayansa ya bugi ƙofar gida.

"Yanzu fa?"

"Goma sha takwas. Amma nan gidana ne, Sajan."

"Na sani. Sai ka faɗa wa alƙali, wataƙila ma ka yi nasara. Sai dai yau Juma'a, alƙali kuma sai Litinin." Ya ɗan leƙa tagar ɗaki. "Ina jikin Mama Odile? Wa ke tare da ita?"

Har lokacin wayar Lucius tana sama. Sannan ya sauke ta, ya buɗe ƙofa ya shiga, ya rufe.

Ba a yi minti biyu ba suka kayar da Roscoe. Hannuwansa suna kan mota lokacin, na gani da idona. Suka danne shi a kan kwalta mai zafi har muƙamuƙinsa ya karye, suka sa masa ankwa. A takarda aka rubuta shi ya fara kai wa ƙaramin ɗan sandan duka, kyamarorin jikinsu kuma wai ba a kunne suke ba. Wayata tana aljihun rigar aikina, hannuna yana kanta tun farko har ƙarshe. Babu wanda ya ce in ja da baya. Tsoro ne kawai, kuma har yau ina jin kunyar kaina.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na kai wa Lucius da Odile wake da shinkafa. Ina nan matar Roscoe, Celestine, ta yi sallama, ko hular cocin ba ta cire ba. Lucius yana zaune a bakin gado yana ba Odile kunu da cokali.

"Baba, an ce ba abin da ke wuce ka a titin nan. Lauya ya ce in akwai bidiyo, Roscoe zai fito. In babu, maganarsu za a ɗauka."

Ya miƙa mata wayar. Ta kalla a tsaye: ga mijinta ƙalau ya dafa mota, ga Sajan yana matsowa, ga matakala, ga ƙofa. Ta mayar baya ta sake kallo, sai ka ce a karo na biyu zai ƙara tsawo.

"Iyakarsa ke nan?"

"'Yata, da na tsaya, da sun ɗauke mini mata."

"Na sani, Baba," ta ce. "Ni nawa mijin suka ɗauke."

Ta ajiye wayar a kan bargon Odile, ta yi mata sannu da jiki, ta fita.