Sojan Gefe na Kawu Ango

Ku da kuka san Kawu Ango kun san dokarsa: abin da ka taɓa, shi za ka ɗauka. Dokar eshek ce, darar nan ta Turawa, amma ya jawo mana ita har cikin akushi. Yatsanka ya gogi ƙashi? "Ka taɓa shi, ɗiyana, ci abinka!" Shi kuwa ya sure tsoka.

Wallahi har yau haushinsa nake ji kan gasar Yamai. Ni na raka shi daga Dogon Dutsi. Wasa ɗaya ya rage ya shiga sahun masu wakiltar ƙasa, ga shi ya fi abokin karawarsa maki, wani matashin ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan. Kawu ya daɗe yana haddar buɗe wasa da sojan da ke gaban sarki a kan allo, duk ya hana mu sakat. Ana danna agogo, ƙuda ya sauka kan sojan can gefen allo. Kawu ya kai hannu zai kore shi, ya gogi sojan.

Ɗan duwan ya ce, "Baba, ban ga komi ba." Alƙali ma ya ce taɓin da ba niyya ba ya cikin doka.

"Mi! Ni za a yi ma alhwarma? Da gangan nit taɓa shi!"

Ya tura sojan banzan nan gaba. Yaro ya mamaye tsakiya, ya yi masa kaca-kaca. Da motarmu ta wuce Dosso a hanyar komawa gida, na juya gare shi.

"Kawu, ƙuda ne fa!"

"Wane ƙuda? Buɗin Arewa ke nan, ni niƙ ƙago shi."

Jama'a, don kada a ce ƙuda ne, mutumin nan bai sake buɗe wasa da wani soja ba sai na gefen nan, har ya bar duniya! Makinsa ya zube, waɗanda ya koya wa wasan suka riƙa layi suna cinye shi. Na roƙa, na yi faɗa, a banza.

Da na je duba shi a asibiti, ƙuda ya sauka masa a hannu. Ya dube shi, ya dube ni, ya ƙi korarsa.

"Kak ka ce komi," in ji shi.

Allonsa yana wurina. Duk sojojin lafiya lau, sai na gefen nan da fentinsa ya goge, ba na iya kallonsa. Kawu, ka ƙi alfarmar alƙali, ta Ubangiji dai kada ka yi gardama. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.