Bindigar da ke ƙanshin ƙuli-ƙuli

Har gobe ba na mantawa da ranar da bindigar Kofur Sale ta so ta raba ni da sana'ata. Lokacin ina saje, ni ke riƙe da ma'ajiyar makamai a ofishinmu na Gaya. Aikina shi ne bayar da bindiga da safe, karɓarta in an tashi, da gyaran wadda ta samu matsala.

Bindigar irin mai ɗana kanta ce: ka harba, ta tofar da kwanso, ta ɗauko sabon harsashi da kanta. Bututunta ya cinye, aka ba ni izini na kai ta babban wurin gyaranmu a Kano, na sauya mata sabo da hannuna. A can na gwada ta, lafiya lau. Na sa hannu a takarda cewa ta cancanci fita aiki. Wannan sa hannun ba wasa ba ne, domin ran mutum ne ke rataye a kansa.

Bayan kakar gyaɗa aka fita filin gwajin harbi. Sale ya harba ɗaya, bindiga ta yi shiru. Kwanso ya fita, amma ƙarfen da ke kai da komo ya tsaya a rabin hanya, bai tura sabon harsashi ba. Ya ja da hannu, ya sake harbawa, ta kuma cijewa. Gumi ya karyo mini a gaban kowa.

Sufeto ya kira ni gefe. "Saje, kai ka sa hannu a kan wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da a rakiyar motocin kasuwar Ajingi ta yi masa haka fa? Na ba ka mako guda. In ba ka gano ba, ka miƙa makullan ma'ajiya."

Na bi ta daki-daki yadda aka koya mana. Na sauya gidan harsashi, na duba sifirin ɗin da ke mayar da ƙarfen gaba, na duba ɗan ramin da iskar harbi ke bi ta tura ƙarfen baya, ko ban daidaita shi da sabon bututun ba. Komai daidai. Na wanke ta fes, na gwada, ta yi aiki kamar ba ita ba. Na mayar wa Sale. Kwana huɗu ta sake cijewa. Nan fa na fara zargin hannuna, kuma ba na jin akwai abin da ya fi wannan ciwo ga mai gyara.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika na hau babur na je gidan Baba Inusa, tsohon da ya riƙe ma'ajiyar kafin ni, ya yi ritaya yana noma a Balan. Na nemi izini ya zo ofis ya duba, tunda bindiga ba ta fita sai a kan aiki. Washegari ya zo da sandarsa, yana tsokanata tun daga bakin ƙofa.

"Yaran zamani, kun je kwas kun dawo da takarda, kun baro hanci a can."

Ya hana ni wanke ta. Bai ma taɓa sukudireba ba. Ya tsaya yana kallon katakon da muke jingina bindigogi, sannan ya nuna mini da sanda. Ƙananan tururuwa ne a jere, sun wuce bindigogi goma sha ɗaya, sun hau ta Sale ita kaɗai. Ya buɗe ta, ya shafa yatsa a ciki, ya sunsuna, ya miƙo mini. Wani abu mai danƙo, mai ƙanshin ƙuli-ƙuli.

"Kira mini mai ita," in ji shi.

Sale ya shigo ya ƙame. Baba Inusa ya ce, "Ɗana, da me kake shafa mata?"

"Man gyaɗa, Baba. Na gidanmu ne, Inna ce ke matsewa, ba gauraye. Da shi muke shafa wa garma da lauje in za a ajiye, ba sa tsatsa."

"Tun yaushe?"

"Tun da. Amma da aka sa sabon bututu na ƙara yawa, don Saje ya ce kada in bar ta ta bushe."

Kunya ta rufe ni. Tabbas na faɗa masa haka, amma ban ba shi mai ba, ban kuma ce wane iri ba. Baba Inusa ya yi mana bayani: man gyaɗa in ya sha zafi ya haɗu da baƙin hayaƙin harbi, daskarewa yake yi kamar ƙaro. Da, kayan sun saki saboda tsufa, danƙon bai hana su motsi ba. Yanzu da komai ya matse, kaɗan ya isa ya riƙe ƙarfen.

Na yi niyyar rubuta rahoto in ce laifin kofur ne. Baba Inusa ya dube ni ya ce, "Mutumin da ya ɗebo man miyar uwarsa ya shafa wa bindiga ba sakaci ya yi ba. Rubuta naka tukuna." Na rubuta nawa a layin farko. Sufeto ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ja mana kunne mu biyu, ya bar mini makullaina.

Baba Inusa ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ina gode masa har yau, ina kuma gode wa Sale da bai ɓoye gaskiya ba, domin da ya yi shiru da na bar aikin ina ganin hannuna ne ya lalace.

Abin da nake gaya wa masu tasowa shi ne, kafin ka kwance bindiga, ka zauna da mai riƙe ta ka ji yadda yake kula da ita. Tun daga ranar ban sake ce wa kowa ya shafa mai ba sai na ɗora masa kwalbar a tafin hannunsa.