Abin da Na Rubuta a Takardar Jana'izar Yayana

Babanmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, bai taɓa yarda cewa yayana yana da sana'a ba. "Ɗan wasa!" haka yake faɗa, yana taɓe baki. "Wasa ai na yara ne."

Yaya kuwa dariya yake yi. Ya taɓa ce mini asalin kwaikwayo shi ne abin da yaro yake yi in ya ga uwarsa tana tuƙa tuwo, shi ma ya rarumi muciya, kuma da haka kowa ya koyi zama mutum. Shi da abokansa na Samaru sukan shiga unguwanni su yi wasa a gindin bishiya. Yakan fito a tsoho mai taurin kai, da gemun auduga. Ni dai kunya nake ji, ba zan ɓoye ba.

Da ya rasu a hatsarin mota, ni aka ba aikin shirya takardar jana'iza da za a raba a cocinmu na Sabon Gari. A gurbin sana'a na rubuta "malamin makaranta", don ya taɓa koyarwa na 'yan watanni. Na sa hotonsa na dā, mai kwat. Baba ya duba, ya gyaɗa kai.

Bayan sujada a coci wata mata daga unguwar Jama'a ta tare ni, da goyo a bayanta.

"'Yata, nan ne jana'izar ɗan wasan nan? Shi ya fito a mijin da ya hana matarsa zuwa awon ciki. Maigidana ya gani, ya yi ta zaginsa, washegari ya kai ni asibiti da kansa. Ga yaron nan."

Ta miƙo mini takardar, ta ce ba ta karatu, in karanta mata. Baba yana tsaye kusa da ni. Na karanta abin da na rubuta.

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ashe ba shi ba ne. Ki gafarce ni, na yi ɓatan kai. Allah ya ba ku haƙuri."

Ta gyara goyonta ta nufi bakin titi, tana tambayar 'yan acaɓa ko akwai wani cocin a kusa. Ina tsaye ina kallonta, ban kira ta ba. Har yau abin yana ci mini rai.