Ƙusar Teburin Aji Uku

Da asuba Malamar aji uku tana bakin gado tana murza wa gwiwarta man zafi. Autarta ta leƙo.

"Umma, yau ma rarrafen za ki yi? Sai ka ce jaririya."

"Rarrafen nan ne ya ciyar da ke. Miƙo min bandeji."

Shekara talatin da ɗaya tana koya wa yara faɗin inda abu yake: a kan benci, a bayan ƙofa, a ƙarƙashin tebur. Ba ta yarda da allo ba, a ganinta yaro ba ya riƙe abin da idonsa bai gani ba. Sai ta hau bencin, ta laɓe bayan ƙofar, ta shige ƙarƙashin teburin, yara na ihu suna faɗin inda take. Duk wanda ya bi ta hannunta ya iya.

Amma gwiwa ta fara gardama. Hedimasta, wanda shi ma ita ta koyar da shi, ya ce in jiki ya ƙi, ga sito nan, ta zauna tana raba alli. Ita kuwa aji take so. Ranar ya zo ya zauna a baya don ya gani da idonsa.

Benci ta hau lafiya. Ƙofa ba wuya. Ta shiga ƙarƙashin tebur.

"Ina nake?"

"Kina ƙarƙashin tebur, Malama!"

Ta yunƙura za ta fito, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ta sake. Yara suka zuba mata ido.

"To, me kuke kallo? Ku huɗun gaba, ku ɗauke shi daga kaina."

Suka ɗauke. Hedimasta ya miƙa mata hannu.

"Malama, ya isa haka."

"Kai ma a nan ka koya, da majina a hancinka."

"Ban manta ba. Shi ya sa."

Ran Litinin aka ba ta makullin sito. Ba ta yi musu ba, abin da ya gani ita ma ta gani. Aka kawo sabon malami mai kyan rubutu.

Ta gaya masa akwai ƙusa a ƙarƙashin teburin, ta sha yaga mata ɗankwali. Ya yi dariya, ya ce shi a allo zai rubuta, me zai kai shi can?

Da aka tashi ta samo dutse, ta kifar da teburin, ta yi ta dukan ƙusar har ta kwanta.