Hannun da Kike Miƙawa ta Baya

Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, ina wanke buroshin zane autarki ta kira ni ta ce Allah ya yi miki rasuwa, Yaya, bayan jinyar kwana shida. Daga Allah muke, kuma can muka nufa.

Shekara biyu ina zana ki ke da goɗiyarki, amma ban taɓa tsallake shingen barga ba, don tun ina yarinya nake tsoron doki. Kina tsokanata wai ni kaɗai ce mai zanen dawaki da ko jaki ba ta iya tunkara. Duk da haka ba ki taɓa matsa mini ba. Ke kika sa aka ajiye mini kujera a inuwa, ke kika kawo mini sauran mata mahaya na zana su.

Da aka baje zanen, mutane suka ce na yi kuskure, wai me ya sa kullum kin juya wa goɗiyar baya. Ba kuskure ba ne. Wani ya dake ta sosai kafin ki saye ta, shi ya sa ba ta yarda a fuskance ta. Da baya kike shiga, ki miƙa hannu da dusa a tafi, ki jira.

Kwana huɗu bayan rasuwarki goɗiyar ba ta ci komai ba. Mai barga ya gwada dabarar, ta cije shi, don ba ta yarda da maza. Likita ya ce in ta ƙara kwana biyu haka, sai haƙuri. Mijinki ya daɗe tsaye gaban zanen, sannan ya ce, "Ƙanwata, ke kaɗai kika kalle su da kyau."

Jiya na shiga, Yaya. Na juya mata baya na miƙa dusa, hucinta a wuyana, ina tuna hannun mai barga. Na so in waiga, sai na tuna ke ba kya waigawa. Can na ji leɓenta a tafina. Loma uku ta ci.

Wallahi har yanzu tsoronta nake ji, kuma gobe ma zan shiga.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya ba mijinki da 'ya'yanki haƙuri. Ni kuma ya ba ni ƙarfin halin da zan riƙe miki ita.