Anasuya, Ungozomar da Ta Ci Abinci a Kusufin Rana

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayiya Gaddam Anasuya ranar 9 ga watan Agusta na shekarar 1949, a wani ƙauyen masaƙa da ke yankin Nalgonda, a kudancin Indiya. Mahaifinta, Gaddam Narsayya, masaƙi ne, mahaifiyarta Lachamma kuwa ita ke rina masa zare. Su bakwai aka haifa, uku suka rayu. Tana da shekara goma sha ɗaya ƙanenta na goye ya kamu da gudawa, aka kai shi ɗakin bautar ƙauye, aka yanka zakara, aka shafa masa toka, ya cika a hanyar dawowa, alhali asibiti bai wuce tafiyar awa biyu a keken shanu ba. Ta sha faɗa daga baya cewa a ranar ta daina addu'a, kuma ba ta koma ba har ƙarshen rayuwarta.

Karatu da aiki

Ta kammala sakandare a 1966, ta shiga makarantar horar da ungozomomi, sannan a 1969 aka tura ta wani ƙaramin asibiti mai kula da ƙauyuka talatin da ɗaya. A can ta shiga ƙungiyar masu bin hankali, waɗanda ke haɗuwa a shagon wani tela ran Lahadi. Aƙidarta a fili take: ba ta yarda da wani abin bauta mai juya al'amuran mutane ba, kuma tana ganin kula da ɗan Adam nauyi ne a kan ɗan Adam. Hujjarta daga ɗakin haihuwa ta fito, inda ta ga mai ibada da marar ibada jini iri ɗaya suke zubarwa, allura iri ɗaya ke tsayar da shi. Takan ce, "In mai jego ta tashi, a ce ikon gunki ne. In ta mutu, a ce zunubinta ne na wata rayuwar da wai ta yi kafin wannan. Yaya za a yi ya faɗi jarrabawa, tunda shi ke ba kansa maki?"

Aure

A 1972 ta auri Bingi Yadagiri, malamin lissafi, a ofishin gwamnati, ba tare da mai duba taurari ya tsayar da rana ba. Surukarta Balamma ta ƙi halarta saboda takaici, amma shekara ba ta zagayo ba ta tattaro kayanta ta tare a gidansu, ta yi shekara ashirin tana musu da matar ɗanta, tana kuma yabon girkinta a bayan ido. An haifi ɗansu na fari, Kranti, a 1974.

Kusufin 1980

Al'adar yankin ita ce in rana ta yi kusufi, mai ciki ta kwanta a ɗaki a rufe, kada ta ci, kada ta sha, kada ta taɓa wuƙa, don an yi imani cewa maciji ne ke haɗiye rana, kuma wadda ta saɓa za ta haifi ɗa mai tsagaggen leɓe. Wasu matan tun asuba ake hana su ruwa. Ranar Asabar, 16 ga Fabrairu, 1980, rana ta yi cikakken kusufi, Anasuya kuwa tana da cikin wata biyar. Ta shimfiɗa tabarma a filin makaranta, ta yanka albasa da gauta a gaban jama'a, ta dafa shinkafa, ta ci a daidai lokacin da gari ya yi duhu.

Balamma ta leƙo ta bayan katanga ta ce, "Ke yarinya, cikin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Tashi ki shige ɗaki."

Anasuya ta ce, "Inna, wata ne ya gitta. Tun bara aka buga ranar da mintin a jarida. Wane irin maciji ne wannan mai bin agogo?"

Ranar 21 ga Yuni ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Chetana. Leɓenta na sama a tsage yake.

Labari ya karaɗe ƙauyukan kafin sati. Mata suka daina zuwa awo, 'yan ƙungiyarta ma wasu suka shiga kauce mata a hanya. Ta yi kuka sosai, kuma ba ta ɓoye ba. Da ta gama jego sai ta hau keke, ta bi ƙauyukan talatin da ɗaya gida-gida, ta rubuta duk haihuwar da aka yi daga Fabrairu zuwa Nuwamba. Cikin jarirai ɗari huɗu da goma sha biyu, uku ne masu tsagaggen leɓe, biyu daga ciki iyayensu a kulle suka wuni ranar kusufin. Rajistar shekarar da ta gabata, wadda ba a yi kusufi a cikinta ba, ta nuna biyu. Ta kuma bayyana cewa leɓen jariri yana haɗuwa ne tun cikin wata biyun farko, nata cikin kuwa ya wuce nan da nisa. Sannu a hankali mata suka dawo.

Tsakaninta da 'yarta

An yi wa Chetana aiki a 1981, tabo ya saura. A makaranta ana kiranta 'yar kusufi, ana ce mata taurin kan uwarta ne a fuskarta. A 1992, tana da shekara goma sha biyu, ta tari mahaifiyarta da tambaya.

"Inna, da kin zauna a ɗaki na awa uku, me za ki rasa?"

"Da na zauna ma haka za a haife ki, sai a ce taga na bari a buɗe. Ba ni na yi miki ba, kuma ba zan ba ki haƙuri a kan ƙarya don ki ji sanyi ba."

Amsar gaskiya ce, amma ta yi wa yarinya kaushi, kuma Anasuya ta san haka. Shekara goma sha takwas ba su sake tayar da zancen ba. Chetana ta yi karatu, ta kama aikin banki, ta yi aure a 2007 cikin dangi masu riƙo da ibada, zuwanta gida ya zama sai da dalili. Matar da ta shawo kan ƙauyuka talatin da ɗaya ba ta san ko 'yarta ta wanke ta daga laifi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mata rai.

Shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 2007. Ranar Juma'a, 15 ga Janairu, 2010, aka sake yin kusufi, ƙungiya ta shirya girki a fili kamar yadda ta saba. Chetana tana da cikin wata shida, kuma Anasuya ba ta aika mata ba, don ba ta ga tana da bakin yin hakan ba. Rana ta fara dusashewa sai ga Chetana ta sauko daga motar haya ita kaɗai. Ta ratsa mutane, ta zauna kusa da mahaifiyarta, ta ja faifan albasa gabanta.

Ta ce, "Miƙo wuƙar, Inna. Har yanzu yankanki manya-manya ne."

Anasuya ta miƙa mata wuƙar, hawaye na zuba. A watan Afrilu ita ta karɓi haihuwar jikarta da hannunta.

Rasuwa

Gaddam Anasuya ta rasu ranar 3 ga Maris, 2016, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara sittin da shida. Bisa wasiyyarta ba a ƙona gawarta kamar yadda aka saba a yankin ba, ba a yi wata ibada ba, an miƙa ta ga wata kwalejin koyon likitanci domin ɗalibai su ƙaru. Ta bar mijinta Yadagiri, da jikoki biyar, da 'ya'ya uku: Kranti, injiniyan ruwa, Pragati, malamar firamare, wadda aka haifa a 1983, da Chetana. Da dangi suka taru suna neman a yi mata yadda aka yi wa iyayenta, Chetana ce ta tsaya ta karanta musu wasiyyar daga farko har ƙarshe, ita ce kuma ta sa hannu a takardar miƙa gawar.